Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba: Yawon Buɗe Ido da Iyaye a Birnin Landan

Gabatarwa

Daga cikin Hausawan da neman ilimi ko neman abinci ya kai ƙasar Birtaniya akwai likitoci da ma'aikatan jinya da malaman jami'a da injiniyoyi da masu aiki a gidajen kula da tsofaffi, ga kuma ɗalibai masu karatun digiri na biyu da na uku waɗanda suke haɗa karatu da 'yan ayyukan neman na cefane. Galibinsu suna da buri guda da suka ajiye a zuci tun ranar da suka sauka, wato wata rana su ɗauko mahaifi ko mahaifiya, ko wa, ko ƙanwa, su zo su ga inda suke. Idan Allah ya cika wannan buri, baƙo ya sauka ya huta gajiya, sai a bi wata al'ada da ta riga ta kafu: a ware kwana biyu ko uku a fita da shi yawon buɗe ido. Za a tsaya a ƙofar Fadar Bakingham, a gangara hasumiyar agogon nan ta majalisar dokoki, a hau katafaren lilon da ke bakin kogi, a ƙarasa kantunan titin Oxford domin sayen tsaraba. A kowane zango za a ɗauki hoto, kuma kafin a koma masauki hoton ya riga ya isa Kano ko Katsina ko Maraɗi.

Ra'ayin wannan maƙala shi ne cewa wannan yawo, yadda aka saba yin sa, yana nuna wa baƙo wata Landan da mai masaukinsa ba ya zaune a cikinta. Baƙon yakan koma gida da hangen Dala kawai, bai shiga birni ba, kuma abin da ya hango shi zai zama labarin da dangi za su gina zato da buƙatu da shawarwari a kansa. Saboda haka haƙƙin baƙo ne a shigar da shi cikin birnin, ya ga rayuwar da ɗansa yake yi a zahiri, ya kuma ga wuraren da tarihin ƙasarsa ya taɓa bi ta cikinsu. Haka nan masu nazarin Hausa suna da rabo a wannan batu, domin a cikin irin wannan fita ake ci gaba da wani tsohon reshe na adabin Hausa ba tare da an lura ba.

Ziyara da yawo

Yana da kyau a fara da kalmomin da kansu. Abin da ya kawo mahaifiya daga Zariya zuwa Landan sunansa ziyara, kuma tushen ziyara zumunci ne, wanda Bahaushe ya ce a ƙafa yake. Mai ziyara mutum ya zo gani: lafiyarsa, da zamansa da iyalinsa, da abin da yake ci, da waɗanda yake hulɗa da su. Kalmar yawo kuwa ba ta da irin wannan daraja a bakin dattawa, shi ya sa ake cewa yawon banza, ko a ce yaro ya cika yawo. Sai da aka jingina mata buɗe ido sannan ta sami mutunci, ta zama sunan fitar da ake yi domin kallon wurare. Mai yawon buɗe ido wuri ya zo gani, ko da bai san kowa a garin ba.

Matsalar tana farawa ne sa'ad da aka bar na biyun ya cinye na farkon. Dalili kuwa shi ne lokacin ziyarar ƙayyadadde ne, kuma da wuya ake samun sa. Bizar baƙunci ta Birtaniya tana ba da izinin zama na wata shida ne a kowace shiga, ba ta halatta aiki ba, kuma kafin a ba da ita sai an gamsu cewa akwai kuɗin ɗaukar nauyin baƙon, akwai kuma abin da zai mayar da shi gida. Hanyar ɗauko iyaye su zauna dindindin an tsaurara ta tun 2012, har ta kai sai an tabbatar cewa tsohon yana buƙatar kulawa ta yau da kullum wadda ba za a same ta a ƙasarsa ba. A 2024 kuma aka hana mafi yawan sababbin ɗaliban ƙasashen waje da sababbin ma'aikatan kula da tsofaffi zuwa da matan aure ko mazaje da 'ya'ya. Ke nan ga mutane da yawa wannan gajeruwar ziyara ita ce kaɗai tagar da dangi za su leƙa rayuwarsu ta ciki. Shi ma mai masaukin lokacinsa a ƙirge yake, domin hutun shekara da doka ta tanadar wa mai aikin kwana biyar a mako kwana 28 ne, kuma daga ciki zai cire na zuwa gida da na lalurorin iyali. Idan kwanakin da ya samu duka suka tafi a layin sayen tikiti da ɗaukar hoto, to an yi yawo, amma ziyara ba ta cika ba.

Abin da hoto yake faɗa

Hoton da aka ɗauka a ƙofar fada ba ƙarya ba ne. Lallai Hajiya ta tsaya a wurin, lallai ɗanta ne a gefenta cikin rigar sanyi mai kyau. Sai dai hoto yana da abin da ba ya iya ɗauka. Ba ya nuna cewa ɗan nata ya taso ne daga aikin dare na awa 12, ko cewa gidan da yake haya yana can bayan gari, tafiyar fiye da awa guda a jirgin ƙasa, domin tsakiyar birnin ta fi ƙarfin albashinsa. Ba ya nuna abin da haraji da kuɗin haya da kuɗin ɗumama ɗaki da na renon yara suke bari a hannunsa a ƙarshen wata. Ba ya kuma nuna cewa kuɗin jirgi da na biza da na tikitin lilon nan, mai tsayin mita 135 da ke zagayawa cikin kusan rabin awa, an daɗe ana tara su, wani lokaci ma bashi aka ci.

Da zarar hoton ya faɗa zauren dangi na WhatsApp, sai ya fara aikinsa. Kawu zai ga cewa yaron nan ya samu, don haka maganar gyaran rufin gida ba za ta gagare shi ba. Gwaggo za ta tuna da kayan ɗakin 'yarta. Idan aka aika da buƙata ya ce babu hali a yanzu, sai a ce ya canza, Turai ta shiga kansa, kowa ya bar gida gida ya bar shi. Shi kuwa yana can yana jin zafin cewa ba a tausaya masa, alhali shi da kansa ya zaɓi abin da aka gani. Zumuncin da aka kashe dukiya domin a ƙarfafa shi, sai ga shi ya fara tsami ta dalilin ziyarar da kanta.

Akwai abin da ya fi wannan nauyi, wato ƙanne da 'ya'yan dangi masu tasowa. Saurayin da ya ga hoton wansa a filin wasan Arsenal ko na Chelsea, filin da shi bai taɓa gani ba sai a gidan kallon ƙwallo, ba zai tsaya lissafin haraji ba. An sha jin rahotannin 'yan Nijeriya da suka sayar da fili ko gona suka biya dillalai maƙudan kuɗi domin takardar ɗaukar aikin kula da tsofaffi, suka isa Birtaniya suka tarar babu aikin, ko kuwa awoyin da ake ba su ba za su riƙe mutum ba. Ba za a ɗora alhakin wannan a kan hoton yawon buɗe ido shi kaɗai ba, amma dattijon da ya je ya dawo shi ne shaidar da dangi suka fi yarda da ita, tunda gani ya kori ji. Idan saurayi ya zo neman shawara da albarka, abin da dattijon ya gani da idonsa shi zai auna maganar da shi. Wanda aka nuna wa fada da kantuna kawai ba shi da abin da zai ja kunnen kowa da shi.

Ɗa ya zama jagora kuma tafinta

Wani abin lura a wannan fita shi ne yadda matsayi yake juyawa. A gida uba ne a gaba, shi ya san hanya, shi yake magana da mutane, ɗa yana biye. A Landan kuwa karin maganar nan da ke cewa baƙo makaho ne ko da yana da ido takan tabbata a zahiri. Ɗa ne yake riƙe da katin shiga jirgi, shi yake cewa a tsaya a nan, a sauka a can, a tsaya ta hannun dama a kan matakalar lantarki domin masu sauri su wuce. Wanda bai taɓa ba mahaifinsa umarni ba dole ya nemi lafazin da zai ba da umarnin ba tare da ya zama rashin ladabi ba. A nan ake jin irin su "Baba, da za mu ɗan matsa gaba", ko "Umma, ko za a ɗan zauna a huta?" Jam'in girmamawa da sigar tambaya da kalmar "ɗan" duka suna aikin rage kaifin umarni. Idan suruki ne yake jagorantar surukarsa, ko kuma ɗan fari ne da mahaifiyar da ba ta ko kiran sunansa, to kunya tana ƙara wa al'amarin wani nauyi, musamman a gida mai ɗaki biyu inda babu zaure, babu shigifa, babu inda wani zai kauce wa wani.

Bayan jagoranci akwai tafinta. Duk abin da baƙon zai fahimta game da birnin ta bakin ɗansa zai biyo, kuma tafinta ba ya fassara ba tare da ya zaɓa ba. A ɗauki misalin babban gidan tarihi na Birtaniya, wanda aka kafa a 1753 kuma ake shiga kyauta. A sashen Afirka akwai kayan tagulla na masarautar Benin da sojojin Birtaniya suka kwashe a harin 1897. Idan uba ya tambaya yadda aka yi kayan nan suka zo nan, ɗa yana iya cewa an samo su, ko an kawo su, ko an kwaso su ganima, ko an wawushe su. Kowace kalma darasin tarihi ce daban. Dattijon da ya tashi da labarin shigar Turawa Kano da Sakkwato a 1903 ba ya buƙatar dogon bayani idan aka zaɓi kalmar da ta dace, hasali ma a nan ne yakan karɓe jagorancin, ya shiga ba ɗan nasa labarin da ya ji daga kakanninsa. Irin wannan lokaci ya fi kowane hoto daraja, domin shi ne yake mayar wa uba da matsayinsa na mai sani a garin da ya zama makaho.

Jikoki ma suna cikin lissafin. Wasan da ke tsakanin kaka da jika, inda kaka take kiran jikanta mijinta, jikanyarta kuma kishiyarta, da harshe ake yin sa. Yaron da aka haifa a Ingila, wanda Hausarsa ba ta wuce gaisuwa ba, yakan tsaya yana kallon kakarsa tana tsokanarsa bai san abin da zai mayar ba. Amma idan aka fita tare, shi ne ya san sunan tasha, shi ya san yadda ake sayen tikiti, kuma son ya nuna wa kaka bajintarsa yakan tilasta masa ya haɗa 'yan kalmomin Hausar da yake da su. Wata guda na irin wannan fita yana iya yi wa harshen yaro abin da shekara ta faɗan iyaye ba ta yi ba, muddin an bar su suna magana, ba a mayar da fitar tseren kai wa wurare goma a yini ɗaya ba.

Sawun magabata

Ba yau Bahaushe ya fara kallon Landan yana ba da labari ba. A 1855 wani saurayi mai suna Dorugu, wanda asalinsa daga yankin Damagaram ne, ya isa Ingila tare da matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth. Labarin rayuwarsa da tafiye-tafiyensa, wanda J. F. Schön ya rubuta daga bakinsa, ya fito a cikin littafin Magana Hausa a 1885, kuma yana cikin daɗaɗɗun rubutattun zube na Hausa da boko. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya ziyarci Ingila a 1921. A 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, Abubakar Imam, editan Gaskiya Ta Fi Kwabo, ya je Ingila cikin tawagar 'yan jaridar Afirka ta Yamma, ya gana da Lugga, ya kuma rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi bayan dawowarsa. Malam Aminu Kano, wanda ya yi karatu a Landan bayan yaƙin, shi ma ya bar labarin tafiyarsa a Motsi Ya Fi Zama.

Abin da ya haɗa waɗannan matafiya shi ne sun ɗauki gani a matsayin amana. Wanda ya je ya gani wakili ne na waɗanda ba su je ba, kuma zai dawo ya ba da bayani da za a yi aiki da shi. Wannan ita ce ma'anar cewa tafiya mabuɗin ilimi ce. Mahaifin da ya je wurin ɗansa a yau magajin wannan al'ada ne, ko ya sani ko bai sani ba. Ranar da ya dawo za a cika zaurensa da masu barka da sauka, kuma bayan gaisuwa tambaya ɗaya ce: yaya ƙasar take, yaya kuma yaran suke? Mai masaukin da ya tsara wa mahaifinsa abin da zai gani, shi ne ya rubuta rabin wannan jawabi tun kafin a yi shi.

Landan ɗin da ya kamata a nuna

Shigar da baƙo cikin birni yana da fuska biyu. Ta farko ita ce wuraren da suke da alaƙa da tarihin da baƙon ya riga ya sani, kuma abin mamaki shi ne yawancinsu suna dab da inda ake ɗaukar hotunan da aka saba. Tafiyar 'yan mintoci a ƙafa daga ƙofar Fadar Bakingham akwai ginin Lancaster House, inda aka yi tarurrukan tsarin mulkin Nijeriya na 1957 da 1958, waɗanda Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka halarta tare da shugabannin Kudu, aka kuma share fagen samun 'yancin kai a 1960. Ko daga waje aka tsaya aka nuna wa dattijo ginin, an ba shi abin da zai riƙe. A unguwar Aldwych akwai Bush House, inda Sashen Hausa na BBC, wanda ya fara watsa shiri a ranar 13 ga Maris 1957, ya yi shekaru yana magana da Hausawa har zuwa 2012 da aka tashi daga ginin. Ga wanda ya shafe rayuwarsa rediyo na kunnensa, Landan murya ce kafin ta zama gari, kuma nan ne gidan muryar.

Haka nan Greenwich. Duk mai sauraron rediyo ya saba jin ƙarfe kaza agogon GMT, wato ƙarfe kaza agogon Nijeriya da Nijar. A kan tudun Greenwich ne layin da ake auna wannan agogo yake, an amince da shi a taron ƙasashe na 1884, kuma idan aka bi shi kudu zai ratsa ta garin Tema na ƙasar Gana. A makarantar SOAS, wadda aka kafa a 1916, an daɗe ana koyar da Hausa, G. P. Bargery mai ƙamus na 1934 ya koyar a can, kuma ɗakin karatunta yana da tarin littattafan Hausa masu yawa. A Kew kuma akwai ma'ajiyar takardun gwamnati, inda wasiƙun mulkin mallaka na Arewacin Nijeriya suke ajiye. Wanda aka kai waɗannan wurare yakan daina jin cewa shi ɗan kallo ne a garin wasu, domin ya ga inda labarin garin ya haɗu da nasa.

Fuska ta biyu, wadda ta fi muhimmanci, ita ce Landan ɗin mai masaukin da kansa. A ɗauki Baba wata safiya cikin sanyi a bi da shi hanyar da ake bi zuwa aiki, ya ga cunkoson jirgi, ya ga ƙofar asibitin ko makarantar ko gidan tsofaffin, ko da ba za a iya shiga da shi ba. A kai Umma kasuwar Peckham inda ake sayen doya da manja da kuɓewa da busasshen kifi, ta ji farashi da kunnenta, ta juya shi zuwa naira, sannan a gaya mata abin da ake biyan ma'aikaci a awa, domin lissafin ya cika ta ɓangarorin biyu. A je Juma'a a masallacin unguwa, ba babban masallacin Regent's Park kaɗai ba, a ga su wane ne abokan sahu, a ga wa zai tsaya wa mutum idan haihuwa ko rasuwa ta zo. A je ɗauko yara daga makaranta. A bar baƙon ya ɗanɗana yadda rana take faɗuwa kafin ƙarfe huɗu na yamma a tsakiyar hunturu, da yadda magariba take wuce ƙarfe tara na dare a tsakiyar bazara, domin ya gane abin da azumi da salla suke nufi ga mai aikin dare. Mafi yawan waɗannan ba sa cin kuɗi, kuma su ne amsar tambayar da ta kawo shi.

Abin da masu saɓani za su ce

Za a ce wannan ra'ayi ya saɓa wa karamci. Baƙonka Annabinka, kuma tsohon da ya sha wahalar reno da biyan kuɗin makaranta ya cancanci ya huta, ya ga abin sha'awa, ya koma da farin ciki. Me zai sa a ɗora masa damuwar haya da haraji? Za a kuma kawo rufin asiri, wanda Bahaushe yake roƙon Allah ya ba shi kullum, a ce mutumin kirki ba ya tallata wahalarsa.

Wannan magana tana da ƙarfi, kuma ba a cewa a soke zuwa fada ko a hana Hajiya hoton da za ta nuna wa ƙawayenta. Dattijon da ya san hawan Daushe zai ji daɗin kallon canjin masu gadin fada, ya kwatanta jajayen rigunansu da na dogarai, kuma wannan kwatanci shi ma ilimi ne. Amma rufin asiri daga bare ake yin sa. Iyaye su ne masu addu'a, su ne masu ba da shawara, su ne kuma garkuwar ɗansu a gaban dangi idan buƙatu suka yi yawa. Uwar da ta ga yadda ake rayuwa da idonta ita ce za ta ce wa masu aike su yi haƙuri, yaron nan ba tsinto kuɗin yake yi ba. Hana ta sani hana ta wannan aiki ne. Bugu da ƙari, ɓoyewar ba ta cika yin nasara ba, domin labarin zuciya a tambayi fuska. Uwar da ta zo zaman jego ta yi wata uku ko huɗu a gida tana ganin wanda ya shigo da asuba idanunsa jajur, tana ganin yadda ake kashe na'urar ɗumama ɗaki da zarar an ɗan ji ɗumi. Ta gane, ta yi shiru saboda kunya, ɗan ma ya yi shiru saboda kunya, sai a rabu kowa yana ɗauke da abin da bai faɗa ba.

Sannan al'ummar da ta san fatauci da ci-rani ba ta taɓa ɗaukar wahalar nema a matsayin abin kunya ba. Kakannin da suka bi ayari zuwa Gwanja neman goro, da waɗanda suka yi shekaru suna noman auduga a Sudan a kan hanyarsu ta Makka, sun dawo suna ba da labarin ƙishirwa da 'yan fashi da bashi, kuma wannan bai rage musu daraja ba. Kunyar aikin ƙarfi a Turai sabuwar aba ce, kuma hoton da ake aikawa gida yana cikin abubuwan da suke ciyar da ita.

Za a iya cewa kuma ba kowa ne yake cikin ƙunci ba, akwai manyan likitoci da malamai da Allah ya buɗa wa. Gaskiya ne. Sai dai shi ma mai wadatar yana da abin da ya kamata a gani: ƙarancin lokaci, da kaɗaici, da renon yara ba kaka ba gwaggo, da maƙwabcin da za a shekara ba a san sunansa ba. Abin da ake nema shi ne hoto cikakke, da daɗinsa da ɗacinsa.

Rabon masu nazari

Ga masu nazarin harshe da adabi da al'adun Hausawa, wannan fage ne da yake a buɗe. Saƙonnin murya da baƙi suke aikawa gida kowane dare labarin tafiya ne na baka, da tsarinsa na gaisuwa da kwatanci da mamaki da hukunci. A cikinsu ake ƙirƙirar sunaye ga abubuwan da ƙamus bai tanada ba, ake kuma gwada wane aro ne zai zauna, wane ne zai faɗi. Akwai nazarin ladabin magana sa'ad da ƙarami yake jagorantar babba, akwai na gauraya harshe tsakanin kaka da jika. Mafi muhimmanci, sanannun labaran tafiya da Hausa ta gada a rubuce galibinsu na maza ne, alhali a yau iyaye mata ne sukan fi daɗewa a irin wannan ziyara, suna ganin cikin gida da kasuwa da asibitin haihuwa, su dawo su ba da labari a wuraren biki da suna, inda babu mai rubutawa. Yadda Mary Smith ta zauna ta rubuta labarin Baba ta Karo daga bakinta, wanda ya fito a 1954, haka ɗalibin da ya nemi izini ya zauna da irin waɗannan iyaye zai iya adana abin da zai zama madogara nan da shekara hamsin.

Kammalawa

Fitar da ɗa yake yi da iyayensa a ƙasar da yake aiki bayani ne yake bayarwa a kan shekarun da ya yi ba ya gida, kuma dangi za su yi aiki da wannan bayani wajen abin da za su nema a wurinsa da kuma shawarar da za su ba masu son bin sawunsa. Idan bayanin ya tsaya a ƙofar fada da kantuna, an ba baƙo abin nunawa, an hana shi abin faɗa. Wanda ya ware kwana uku domin yawo, to ya ba fada da kogi kwana ɗaya, ya ba tarihin da ya haɗa garin da ƙasarsu kwana ɗaya, na ukun kuma ya kama hannun mahaifinsa su bi hanyar da yake bi kowace safiya. Tsarabar da dattijo zai fi amfanar dangi da ita ita ce ya iya cewa ya shiga, ya gani, ga kuma yadda abin yake.